Fuloti Guda, Ɗakunan Haya Shida, Da Kare Ɗaya

Duk wanda ya taso daga tsakiyar Kaduna, ya haye gadar kogi ya yi kudu, ya wuce unguwar Talbijin ya kama hanyar Kaciya, to, ba makawa sai ya ratsa Sabon Tasha. Malaman Hausa sun daɗe suna gunaguni a kan wannan suna, wai ai tasha mace ce, Sabuwar Tasha ya kamata a ce. Su kuwa mazauna wurin, waɗanda da yawansu daga wajajen Zonkwa da Kafancan da Kagoro da Kwoi suka fito, ba su damu da wannan gardama ba, sun ma gajarta sunan, Sabo kawai suke cewa. A ɗaya daga cikin layukan da suka gangara daga bakin titi akwai gidan wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda a shekarar 2023 ya yi abin da ya sa maƙwabtansa suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Ɗan fili guda ne ya rage masa a fulotinsa, ƙafa 12 a kan ƙafa 14, wanda kowa a layin ya san ɗakin haya za a gina a kansa. Sai ya tashi ya ba kare.

Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a san irin gidan da ya buɗe ido a cikinsa. A gindin dutsen Kagoro aka haife shi, a gidan da ba shi da katanga ko ta taku ɗaya, sai shingen ƙyarana mai kauri wanda ko akuya ba ta iya ratsawa, da ƙofa guda tak. A ciki akwai ɗakunan ƙasa masu jinkar ciyawa, da gadajen ƙasa waɗanda akan hura wuta a ƙarƙashinsu idan sanyin hunturu ya sauko daga dutse. Rumbunan dawa da acca a kan duwatsu aka ɗora su, watau an bar inuwa a ƙasansu, kuma a nan kaji ke yini suna tsintar hatsin da ya zube, suna kuma cinye gara tun ba ta kai ga jikin rumbu ba. Ɗakin awaki yana manne da na uwarsa, domin idan wani abu ya taɓa su da dare ita za ta fara ji. Aladu suna can baya, inda iska ke kwashe warinsu ta yi daji da shi. Takin duk waɗannan kuwa a lambun bayan gida yake ƙarewa. Babu wanda ya taɓa zana wannan tsari a takarda, amma kuma babu dabbar da ta taɓa shigowa gidan aka tsaya ana shawarar inda za a sa ta. Tun ranar da aka kafa harsashi an riga an san wurinta.

Shi kare makwancinsa yana bakin ƙofa daga ciki, a kan tokar da ake zubarwa da safe. Yana da aikinsa kamar kowa. Da damina yakan bi yara gona su kori birai da ke saukowa daga dutse, da rani kuma ya bi maza farauta, wadda bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu yake buɗe lokacinta. Dattijon yakan ce tun da ya yi wayo har ya bar gida bai taɓa ganin igiya a wuyan karen ubansa ba. Ba a bukata. Shingen ya riga ya nuna masa iyakarsa, farauta kuma ta riga ta ƙarar masa da ƙarfinsa, saboda haka idan ya dawo sai barci.

Gida na farko da ya gani wanda aka gina ba tare da an tuna da dabba ba, shi ne barikin reluwe na Kafancan. Garin kansa jirgi ne ya haife shi, domin a 1927 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna a nan, aka kuma ja reshe zuwa Jos. Da ya kama aiki a loko cikin shekarun 1970, sai aka ba shi ɗaki ɗaya da ɗan kicin a cikin jerin ɗakuna masu kama da juna, waɗanda aka auna wa lebura da akwatinsa. Amma lebura ɗan ƙauye ne, ba ya zama ba kaza. Sai ka ga akuya ɗaure a ƙarfen taga, kaji kuma suna kwana cikin kwando a ƙarƙashin gado. A nan ne ya yi abota da wani Bazazzagi mai aikin sigina, wanda daga baya ya sauke farali kowa ya koma ce masa Alhaji. Tare aka yi musu canjin aiki zuwa Kaduna, suka kama haya a layi ɗaya a Tudun Wada, 'ya'yansu suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Rikicin da ya ɓarke a Kaduna cikin Fabrairun 2000 shi ya raba wannan maƙwabtaka. Alhaji ne ya ɓoye matar dattijon da 'ya'yansa kwana biyu a ɗakin uwargidansa, sa'an nan da ƙura ta ɗan lafa ya raka su da ƙafa har bakin gada. Daga wannan shekara kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, Kirista suka yi ta ƙaura zuwa kudancinsa, Musulmi kuma zuwa arewa, unguwanni irin su Sabon Tasha suka cika suka batse. Da kuɗin sallamarsa ya fito, sai dattijon ya sayi fuloti irin wanda kowa ke saye, ƙafa 50 a kan ƙafa 100, ya nemi mai zanen gida.

Takardar zanen tana nan har yau a cikin akwatinsa, da hatimin hukumar tsara birane ta jiha, watau KASUPDA, a jikinta. Ta nuna falo da ɗakunan kwana uku na maigida a gaba, ɗakunan haya shida suna kallon juna a baya, da rijiya, da ramin masai, da katanga, da ƙofar ƙarfe. Ta nuna har inda mota za ta riƙa tsayawa, alhali kuwa dattijon bai taɓa mallakar ko babur ba. Amma ba ta nuna inda kaza za ta kwana ba. Mai zanen bai tambaya ba, shi ma maigidan bai tuna ba, domin a lokacin hankalinsa yana kan abu biyu ne kawai, ya ga iyalinsa a bayan katanga mai tsawo, ya kuma ga ɗakunan da za su ciyar da shi ranar da fansho ya makara. Duk inda ya rage a tsakar gida sai aka malale shi da siminti saboda taɓo.

To, amma dabbobi ba su karanta takardar ba. Kafin a gama fenti uwargida ta riga ta kawo kaji uku daga ƙauye, suka riƙa kwana a kicin cikin kwali. Kowace Disamba akan ɗaure akuyar Kirsimati a jikin bututun ruwa. Sai a Fabrairun 2006, da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji da ke Jaji, karo na farko da aka samu nau'inta na H5N1 a Afirka, rediyo ya yi ta gargaɗin jama'a kada su kwana wuri ɗaya da kaji, a sa'an nan ne aka tattara ragowar bulo aka yi ɗan akurki a bayan kicin. Haka gidan ya yi ta tafiya, ba a yi wa dabba wuri sai tsoro ya tilasta.

Shi ma karen tsoro ne ya kawo shi. Ɓarayi ne suka haura katanga suka ɗauke janareta, duk da fasassun kwalaben da aka jera a samanta, sai dattijon ya aika gida aka kawo masa ɗan kwikwiyo ja, irin karnukan ƙauye masu gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa da naɗaɗɗiyar jela. Ya sa masa suna Bar-su, bisa al'adar mutanen da, waɗanda sukan yi wa maƙwabta habaici da sunan kare. Yana ƙarami kowa na sonsa, yara suna ta ɗaukarsa. Da ya girma sai ƙorafi ya fara. Wannan ta ce ya sa baki a tukunyarta, waccan ta ce ya kwanta a kan wankinta, wani ya ce ya tauna masa takalmi. Kuma gaskiya suke faɗa. Tsakar gidan haya ba tsakar gida ba ce irin ta Kagoro inda duk abin da ke ciki na mutum ɗaya ne, a nan iyali bakwai ne ke girki da wanki da shanya a fili ɗaya. Maigida ya rasa yadda zai yi, sai ya sayo sarƙa mai tsawon yadi biyu ya ɗaure shi a ginshiƙin ƙofar shiga, a kan daɓen siminti, inda rana ke sauka tun daga hantsi har la'asar. Da dare a kwance shi, da asuba a mayar. Shekara huɗu yana haka. Karen da yara ke ja wa kunne ya koma ba mai iya giftawa ta gabansa sai ya manne da bango.

Wanda ya fi kowa jin wannan sarƙa a jikinsa, bayan karen, shi ne Alhaji. Bai taɓa fasa ziyarar Kirsimati ba, kamar yadda dattijon bai taɓa fasa ta Babbar Salla ba. Amma tun da aka kafa Bar-su a bakin ƙofa, sai ya zamana Alhaji daga titi yake yin sallama, haushi ya amsa masa, maigida ya fito da benci su zauna a inuwar shagon maƙwabci, a kawo musu shinkafa a nan, babura suna wucewa suna watsa musu ƙura. In lokacin azahar ya yi sai ya yi bankwana ya tafi neman masallaci wajen kasuwa. Ba su taɓa tayar da zancen ba, su biyun. Sai dai duk ranar da Alhaji ya tafi, dattijon yakan yini ba walwala, domin mutumin da ya buɗe masa ɗakin matarsa a ranar da ake kashe mutane, yau ga shi ba ya iya taka tsakar gidansa.

Ba tsoro kaɗai ke hana Alhaji ba, yadda aka rene shi ne. Malaman Malikiyya, waɗanda ƙasar Hausa ke bi, ba su ɗauki jikin kare a kan najasa ba, amma sun ce a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, sun kuma yarda a riƙe shi ne saboda farauta ko kiwo ko tsaron gona. Akwai kuma hadisin da ya nuna mala'iku ba sa shiga gidan da yake ciki. Saboda haka gidan Bahaushe na gargajiya ya san yadda ya yi da shi. Akwai zaure inda baƙo ke zama, akwai ƙofar gida, akwai shigifa, sa'an nan cikin gida, inda turken tumaki da akurki da tukwanen tattabaru suke. Karen mafarauci ko na mahauci a waje yake kwana, yana tsaron gidan ba tare da ya shiga ba. Kyanwa kuwa ba a yi mata iyaka ba, ta rariya take shiga ta fita, ta kwanta a kan buzun malam ba mai korarta, tun da ga wani babban sahabi ma, Abu Huraira, da 'yar kyanwa aka yi masa laƙabi. Abin dariya shi ne, a wajen mutanen dattijon lamarin a juye yake. Kare ɗan gida ne, kyanwa ce ake yi wa kallon tuhuma, musamman baƙa, wadda wasu tsofaffi har yanzu suke dangantawa da maita. Gidan bulo na Sabo kuwa bai ɗauki dabarar ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ba shi da zauren Bahaushe, ba shi da shingen Kagoro, daga titi sai ƙofar ƙarfe, daga ƙofar ƙarfe sai tukunyar mutane.

Abin da ake gudu ya faru ne wata Asabar cikin watan Maris, lokacin da zafi ya kai maƙura. An aiki wata yarinya 'yar shekara shida, ɗiyar ɗaya daga cikin 'yan haya, ta sayo Maggi. Tana gudu za ta fita sai ƙafarta ta harɗe da sarƙar, ta faɗa kan karen yana barci. Ya kafa mata haƙora a sha-raɓa. Gida ya ruɗe. Wata tsohuwa ta ce maza a yanko gashin karen a ƙona a shafa a ciwon, wai haka ake yi tun kaka da kakanni. Allah ya sa akwai wata ma'aikaciyar jinya a cikin 'yan hayan, ita ce ta fizge yarinyar ta kai ta bakin rijiya, ta sa aka yi ta jan ruwa tana wanke ciwon da sabulu har wajen minti 15, sa'an nan aka wuce asibiti. Tambayar farko da aka yi wa dattijon a can ita ce, ina katin allurar karen? Bai taɓa sanin ana yi wa kare kati ba.

A ranar ce aka karanta masa abin da ya kamata duk mai kare ya sani tun kafin ya sayi kwanon abincinsa. Ciwon haukan kare, idan alamunsa suka riga suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Yakan kwanta shiru wata biyu ko uku bayan cizon, har a manta, sa'an nan ya taso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin huɗu daga cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin shi ne maganin riga-kafinsa tsoho ne. Tun a Yulin 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro da shi a Faransa. A nan gida ma, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke wurin tun 1924, tana yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo idan ya cika wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara, kuma masana sun ce in aka yi wa bakwai daga cikin kowane karnuka goma na gari, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Tun da Bar-su ba shi da kati, sai aka fara yi wa yarinyar jerin allurai, aka kuma ce a tsare karen kwana goma ana dubansa, in ya wuce su lafiya lau, to, ba ya ɗauke da cutar a ranar da ya yi cizon. Dattijon ne ya biya kome, abin da ya lashe masa fanshon wata biyu. Kwanaki goman nan bai yi barcin kirki ba, yakan tashi cikin dare da tocila ya je ya haska bakin karen ko zai ga dalala.

Tun ba a cika kwanakin ba 'yan haya suka yi taro suka aiko masa da uban yarinyar. Cikin ladabi ya yi magana, ya ce, "Baba, ba mu raina ku ba, kuma mun ga abin da kuka kashe. Amma ko karen ya bar gidan nan, ko mu mu bari." Babban ɗansa ma ya bugo waya daga Abuja. "Baba, ku sayar da shi kawai. Filin nan na kusurwa ku bari in turo siminti a yi ɗaki na bakwai. In tsaro kuke so, ni zan kawo muku na Turawa da kejinsa." Masu sayen karnuka kuwa ba sa wuyar samu, sukan zaga unguwa a kan babur da kejin waya a baya, daga nan a yi kasuwanni irin ta Dawaki a Jihar Filato da su. Har ɗaya ya zo ya leƙa, ya yi tayi, aka ce ya dawo bayan kwana goma.

Ran kwana na goma likitan dabbobi ya zo, wani saurayi, ya duba karen ya ce lafiyarsa ƙalau, ya yi masa allura ya rubuta kati. Da zai tafi sai ya tsuguna ya ɗora tafin hannunsa a kan daɓen da karen ke kwanciya, nan take ya janye. Ya ce wa dattijon shi ma ya taɓa. Ya ce, "Baba, ko ni aka ɗaure a nan shekara huɗu, sai na ciji mutum." Ya bayyana masa cewa karen da ke ɗaure ba shi da hanyar gudu in an firgita shi, saboda haka haƙori ne kaɗai ya rage masa, ga shi kuma an ɗaure shi a daidai hanyar da kowa ke bi sau ashirin a yini.

Washegari Alhaji ya zo jaje, aka fito da benci kamar kullum. Ya ji labari daga farko har ƙarshe, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗan Kagoro, ka san ni da kare ba ma ga maciji. Amma kai da ka yi shekara talatin a loko, yaushe ka taɓa ganin an ajiye kan jirgi a bisa babban layi, sa'an nan in aka yi karo a ce laifin injin ne? Ai layin gefe ake ja masa." Dattijon ya ce, "Alhaji, filin da ya rage guda ne, kuma shi ne abincin tsufana." Alhaji ya ce, "To, ai ban ce ka ba shi ba. Na dai ce ba shi ya zana gidan ba."

Da mai babur ya dawo sai aka ba shi haƙuri. Dattijon ya roƙi 'yan haya su ba shi wata guda, ya kira birkila. Shi birkilan da ya ji abin da ake so sai ya ɗauka wasa ne, ya ce shekararsa ashirin yana ɗora bulo, ba a taɓa kiransa aikin kare ba sai dai maƙeri ya haɗa keji. Maigida da kansa ya yi zanen a ƙasa da tsinke, kuma in aka duba da kyau, gidan ubansa ne yake ƙoƙarin tunawa. Aka ja bango iya ƙirji, aka ƙarasa sama da ragar waya, yadda karen zai riƙa hango ƙofa da tsakar gida ba tare da ya kai gare su ba. Aka fasa simintin rabin wurin aka zuba yashi. Ɗaya rabin aka ɗaga shi kaɗan, aka karkata shi wajen rariya don sauƙin wankewa, aka rufa masa kwano da zana a ƙarƙashi saboda zafi, aka kuma sa ya ba gabas baya, domin daga can ne ruwan farkon damina ke bugowa. Dabarar da ta fi burge birkilan ita ce ta lungun nan da ke tsakanin bayan ɗakuna da katanga, wanda a da ba abin da ake yi da shi sai jibga tsofaffin bokitai. Aka share shi, aka sa masa 'yar ƙofa a kowane ƙarshe, ya zama hanyar sintirin Bar-su. Da dare yakan zaga bayan gidan duka, inda ɓarawo ke haurowa, ba tare da ya taka inda mata ke ajiye tukwane ba.

Sa'an nan a bakin ƙofa, daidai inda sarƙa ta yi shekara huɗu tana goge siminti, ya sa aka ja ɗan bango aka rufa rumfa, aka wanke wurin tas, aka ajiye benci da tabarma da buta. Ba zaure ba ne sosai, amma duk Bahaushen da ya gani zai gane abin da ake nufi.

Maƙwabta sun yi ta magana, kuma in don lissafi ne suna da hujja, domin ɗakin haya a Sabo ba ya kwana ba mai nema, abin da dattijon ya bari kuwa kuɗi ne da zai riƙa shigowa kowace shekara har ya koma ga Ubangijinsa. Ɗansa ya yi wata biyu bai bugo waya ba. Sai dai yawancin masu yi masa dariyar, in aka leƙa bayan ƙofofinsu, za a tarar da abin da ya fi nasa ban mamaki. Yayi ne yanzu a sayo manyan karnukan waje da tsabar kuɗi, wasu ma masu gashi kamar tunkiya waɗanda asalinsu na ƙasashen ƙanƙara ne, a cusa su cikin kejin ƙarfe da bai fi tsawonsu ba, a ƙarƙashin ranar Kaduna, ana alfahari da cewa ba sa ganin mutum. Mai irin wannan ya kashe wa kare abin da ya fi kuɗin bangon dattijon sau da yawa, amma wurin juyawa bai ba shi ba. Daga cikin 'yan haya shida, ɗaya ne ya tashi. Uban yarinyar bai tashi ba.

A Kirsimatin 2023 Alhaji ya yi sallama daga titi kamar yadda ya saba, sai aka buɗe masa ƙofa aka ce ya shigo. Ya tsaya yana duban tabarmar da butar, bai ce kome ba, ya tuɓe takalmi ya zauna. Bar-su ya yi haushi sau biyu daga bayan ragarsa ya koma kan yashi ya kwanta. A nan Alhaji ya ci shinkafarsa, a nan ya yi azahar da la'asar. Suna cikin hira ne ya ji gudun ɓeraye a cikin silin, ya ɗaga kai ya ce ashe gidan akwai wasu 'yan hayan da ba sa biya.

Bayan mako biyu sai ga shi a Keke Napep da kwali a cinya, an huda masa ƙofofin iska. 'Yar kyanwa ce fara mai dabbare-dabbaren toka, daga cikin waɗanda aka haifa a ɗakin hatsinsa. Uwargida ta ja da baya ta ce, "Alhaji, wannan kam sai dai ku koma da abinku, ba a gidana ba." Ma'aikaciyar jinyar nan ce ta sa baki, ta tuna mata da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, kuma ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Ta ce kyanwa ba ta ɗauke wa mutum rufe garinsa da shinkafarsa a mazubi mai murfi ba, amma gidan da take ɓera ba ya sakewa. Uwargida ta ce to ta ji, amma ba za ta kwana mata a ɗaki ba, kuma ba za ta riƙa tashi cikin dare tana buɗe wa kyanwa ƙofa ba.

Sai aka sake aika wa birkila. Wannan karon bai yi gardama ba, ya zo da guduma da kurfi, ya cire rabin bulo guda a gindin bangon ɗakin ajiya, ya shafe gefen ramin da siminti don kada ya kankare mata baya. Alhaji ya tsuguna ya auna da tafin hannunsa, ya ce a ƙara faɗinsa da yatsa biyu, domin za ta girma.